Ganyen da Yaya Ta Hana

A Daura ta ƙuruciyarmu ganyen miya ba abin saye ba ne. Kusan kowane gida akwai ɗan fili a bayan ɗaki, wajen da ruwan wanke-wanke yake gangarawa, a nan yakuwa da rama da alayyafo suke fita. Mace in ta ɗora tukunya ta ga ba ta da ganye, sai ta yafa mayafi ta leƙa maƙwabta. Yanzu an daɓe tsakar gidaje da siminti, bayan ɗaki ya zama shago, ganye kuma ya koma kasuwa ana ƙulle shi da zare kamar wani kayan ado. Na zauna a ƙasashen da ake sayar da ganye a cikin roba da kwanan wata a jikinsa, ina yi musu dariya a raina, ban san mu ma hanyar muka kama ba. A unguwarmu lambun bayan ɗaki ɗaya ne ya rage mai amsa sunansa, shi ne na yayata, wadda Allah ya yi wa rasuwa a ƙarshen daminar nan bayan 'yar gajeriyar jinya.

Ranar sadakar uku na bar maza a ƙofar gida, na shiga ciki in yi wa mata godiya. Tsakar gida cike take, tabarmi har bakin rijiya. Duk wadda ta ce mini, "Ya haƙuri, Alhaji?" sai ta ɗora da magana ɗaya kamar sun haɗa baki: Gwaggo, kamar yadda suke kiranta, ba ta taɓa hana kowa ganye ba. Wata ta ce da lambun nan ta riƙe 'ya'yanta shekarar da mijinta ya tafi cirani ya manta hanyar gida. Wata ta ce ranar da aka kawo ta unguwar tana amarya, Gwaggo ce ta fara leƙo ta, da dashen zogale a hannu maimakon kwano. Ana cikin haka sai wata tsohuwa daga can kusurwa, tana jan carbi ba ta ko ɗago kai ba, ta ce a hankali, "Sai dai wancan."

Sannan na ga mayafai sun fara rawa. Mata sun toshe baki, ga hawaye a ido, ga dariya tana neman hanyar fita. 'Yan matan da ba su san zancen ba suka yi ta kallon-kallo. Saboda su nake rubuta wannan, don kada wata rana su ji an ce Yaya ta taɓa hana ganye, su rasa wanda zai gaya musu dalili.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne ƙarami, kuma har ta koma ga Allah "Auta" take kirana, ko a gaban jikokina, ko da furfura ta gama cinye mini gemu. Tun rasuwar mijinta take zaune da ɗanta da matarsa, amma lambu nata ne ita kaɗai. Ba ta yi wa shuka magana mai daɗi, faɗa take yi musu. Na sha samunta tsaye a kan kabewa tana cewa, "Ke dai ba ki da kunya. Taki kin ci, ruwa kin sha, sai yawo a kan katangar mutane." Ba ta da alfahari da komai a duniya sai abu ɗaya, in ta buɗe tafin hannunta ta ce, "Wannan hannun iri ba ya yi masa gardama."

Lambun ba shi da ƙofa. Doka ɗaya ce, kada a tsinke toho. Mace ta shigo ko Yaya tana salla, ko tana barcin rana, ta tsinki abin da za ta tsinka ta tafi. In ta fito ta dubi wurin sai ta gane wadda ta zo. "Wannan tsinkar matar mai gyaran rediyo ce, kullum kamar ana korarta." Gidan da ta san tukunyarsu ba ta hau murhu ba kuwa ba ta jira su zo. Sai ta cika faifai ta kai da kanta tana mita, wai alayyafo ya yi mata yawa zai lalace, su taimake ta su rage mata.

Tsakanin gidan da na bayansu akwai wurin da katanga ta zube tun wata damina mai nisa. Ba a taɓa gyarawa ba, domin nan ce hanyar aminiyarta, wadda kowa ke kira Hajiya ta bayan katanga. Tare aka kawo su unguwar suna amare, tare suka tsufa, kuma ban taɓa jin ɗaya ta yabi ɗaya a gaban idonta ba.

Ni kuma aikin fatu da ƙiraga ya yi ta yawo da ni. Duk sanda zan tafi sai ta cusa mini ƙullin kuka da busasshen zogale a jaka, abin da ya sa na sha tsayuwa a filin jirgi ina yi wa ma'aikata rantsuwa da Faransanci ko Larabci cewa miya ce. In zan dawo kuwa ba ta son turare, ba ta son atamfa. "Ka kawo mini iri." Na kawo mata na'a-na'a daga Maroko ta yi, na kawo kuɓewa daga Sudan ta yi, wani barkono daga Turkiyya ya yi har ya fi na can zafi.

Bayan na ajiye aiki na je Ingila ganin ɗana, na dawo mata da irin wata shuka da Turawan can suke kira rubab. Ganyensa faffaɗa ne, karansa ja mai kaurin babban yatsa, ga tsami. A Ingila karan suke dafawa da sukari su ci bayan abinci. A gabashin Turkiyya na ga ana sayar da ɗan'uwansa na daji a bakin hanya, a ɓare a ci ɗanye da gishiri. Masu magani a ƙasashen Larabawa kuma saiwar wani irinsa suke busarwa. Amma duk inda na je ban ga masu cin ganyen ba, domin yana da guba.

Da na miƙa mata na ce, "Abu biyu zan gaya miki, Yaya. Na farko, ba zai yi a Daura ba. Shukar ƙasar sanyi ce, inda ƙanƙara take zuba."

"Na biyu fa?"

"Ko ya yi, kara ake ci. Ganyen zubarwa ake yi."

Ta daɗe tana kallona. "A zubar da ganye a ci kara?"

"Haka suke yi."

"Auta, ko akuya ganye take fara ci. Mutanen nan da kake ta yabo, lafiyarsu ƙalau kuwa?"

Na yi mata bayani cewa ba lallai ganyen ya kashe mutum ba, amma zai iya murɗa masa ciki ya kwantar da shi, in ya yi yawa ya taɓa ƙoda. Wannan ta riƙe shi da kyau, domin Yaya ba ta wasa da cikin mutane. Maganar farko ce ta ɗauka zagi.

Shukar farko da damina ta yi, ruwa da zafi suka ruɓar da ita tun tana 'yar tsiro. Ba ta gaya mini ba, surukarta ce ta tsegunta mini. Da na je gaisuwa na ce, "Ina baƙon namu?" sai ta ce, "Yana hutawa." Daga nan sunan ya bi shi. Sai ta sake dabara. Da kaka ta yi ta zuba irin a kasko a ƙarƙashin rumfa, sanyi yana shigowa ta dasa shi a gindin katangar yamma, inda rana take barinsa tun azahar. Ta zuba masa tsohon takin tumaki, ta yi masa rumfar zana, ta binne wani tsagaggen tulu kusa da shi tana cika shi da ruwa yana tsattsafowa a hankali. In an kawo wuta, ruwan firij ɗin surukarta na baƙo ne. Mu baƙi masu ƙafa, na randa ake ba mu.

Ya fito, ya kuma tsaya. A gaskiya bai kai na can ba. Karan siriri ne, kore, sai ɗan ja-ja a gindi kamar mai jin kunya. Amma ganyen ya yi faɗin faifai, kore shar, mai kauri. Duk macen da ta taɓa kaɗa miya in ta gan shi sai yawunta ya tsinke, domin guda ɗaya zai ishi tukunya. Ganin haka, a karon farko a rayuwarta, Yaya ta kewaye wani sashe na lambunta da danga, ta sa ɗan ƙyaure ta ɗaure da igiya.

Matar mai gyaran rediyo ce ta fara.

"Gwaggo, ɗan wancan mai faɗin fa? Ko guda ɗaya."

"Wancan ba a ci."

"Ba a ci kuma ake ba shi ruwan firij?"

"Karansa ake ci. Ganyen guba ne."

"To, Gwaggo," in ji ta, irin "to" ɗin da ke nufin ban yarda ba amma kin haife ni.

A Ingila in ka ce wa mutum abu guba ne, baya zai ja. A wurinmu, abin da aka kawo daga nesa, aka killace shi, aka ce kada a taɓa, sunansa magani. Yaya kuma ta ƙara wa zancen ƙarfi ba da saninta ba. Ganyen da ya tsufa ba za ta ba awaki ba, ba za ta zuba a juji kaji su tona ba, sai ta haƙa rami ta binne. Aka hango ta ta saman katanga da rana tsaka, tsohuwa tana binne ganye bakinta yana motsi. Faɗa take yi masa kamar yadda ta saba, amma kafin la'asar labari ya zagaye unguwa cewa da addu'a ake binne shi. A majalisarmu wani ya tambaye ni ko gaskiya ne Larabawa suna magani da shi, na ce saiwar wani irinsa ce daban. Abin da ya isa cikin gidaje shi ne Alhaji da bakinsa ya ce maganin Larabawa ne.

Sai aka fara sallama. Mai ciwon gwiwa ta zo, mai basur ta aiko, wadda ɗanta ba ya son makaranta ta zo ta zauna har azahar. Wani mai neman kujerar kansila ya turo matarsa da turmin atamfa, a taimaka masa da ganye ɗaya na farin jini. Yaya ta mayar da atamfar, ta haɗa mata da zogale. Kowa amsa ɗaya take ba shi, kowa kuma ya tafi yana ganin an raina masa hankali.

Daga nan mata suka fara ɗauke ƙafa. Wadda aka hana wancan ta ji nauyin tsinkar wannan. Alayyafo ya tsufa ya yi fure ba mai taɓawa, rama ta yi ƙarfi. A wani taron suna Yaya ta ji da kunnenta ana kwatanta wa wata baƙuwa hanya, ana cewa ta wuce gidan tsohuwar nan mai hana ganye. Ranar ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan kifaffen turmi. Ban taɓa ganin ta zauna a lambu hannu sake ba.

"Auta, tun ina da ƙarfina unguwar nan take cin bayan ɗakina. Yau ni ce marowaciya."

"Ki tumɓuke shi mana, Yaya. Ai kin nuna ya yi."

"Ka ci?"

"Ban ci ba."

"To bai yi ba tukuna. Sai ya ƙosa, ka zauna a nan ka ci, ka faɗa da bakinka cewa ya yi a Daura."

"Ga shi na faɗa yanzu."

"Ta tausayi ka faɗa. Ba na so."

Duk wannan lokaci Hajiya ta bayan katanga ba ta taɓa roƙa ba. A ganinta roƙo na baƙi ne. Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakin Yaya, na ji daga bakin Hajiya, na ji daga bakin suruka, kuma a kan tukunya kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Hajiya ta yi baƙi, dangin mijin 'yarta daga Mashi, ta ɗora musu faten tsaki, tana so su ci abin da ba su taɓa ci ba. Ta bari Yaya ta tayar da sallar walha, ta bi ta wurin katanga, ta kwance igiya, ta yanke ganyayen da wuƙa ta bar karan a tsaye. Har yau tana cewa adalci ta yi, tunda ta bar wa mai lambu ɓangaren da ta ce ana ci.

Yaya ta idar ta fito ta ga karare tsirara. Ba ta tambayi kowa ba, yankan ya gaya mata mai shi. Ta bi ta katanga da carbinta a hannu. Baƙi suna zaune a kan tabarma, fate yana tafasa a murhu. Ta yi sallama, ta gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mutanen Mashi da hanya, sannan ta naɗe hannu da gefen zani, ta kama tukunyar ta kifar a ƙasa.

Kaji suka taso a guje. Ta ɗauki tsintsiya tana korarsu da hannu ɗaya, tana tura ƙasa a kan faten da ƙafa.

Hajiya ta ce, "Yau kuma a gidana haukan ya sauka?"

"Gara ki ce mini mahaukaciya da a kwashi surukanki zuwa asibiti."

"Ganye ne fa. Tun muna amare nake cin ganyenki, ga ni nan ban mutu ba."

"Wannan ba nawa ba ne, na Auta ne."

"In rowa ce ki ce rowa ce. Ba sai kin biyo ni da ita gaban baƙi ba."

Yaya ta gaya mini daga baya cewa duk unguwa ta faɗi kalmar nan ta daure, amma daga wannan bakin ba ta daure ba. Ta koma gida ta sa surukarta ta kwashe tuwon ranar gidan da miyarsa kaf ta kai wa baƙin. Aka dawo da kwanukan ko buɗewa ba a yi ba. Mutanen Mashi suka sha shayi da burodi, suka koma gida da labari.

Washegari da hantsi ta aiko mini. Na nuna mata yadda na ga ana cire shi a can: ba a sa wuƙa, kama karan ake yi daga gindi a ɗan murɗa a ja, sai ya ɓalle da kansa. Na ce ana barin wasu don shukar ta sake tohowa. Ta ce, "Ba mai sake tohowa," ta cire su duka. Sauran ganyen ya tafi rami. Ta wanke karan, ta yanka gunduwa-gunduwa, ta dafa da sukari da citta da ruwa kaɗan kamar yadda na kwatanta. Ya narke ya koma kamar kunu mai zare-zare. Na Ingila ruwan hoda ne mai kyan gani. Namu launinsa ba shi da suna.

Ta zuba a kwano uku, ta je ta tsaya a wurin zubabbiyar katanga.

"Ke mai satar ganye, zo ki ci abin da kika bar mini."

Can sai ga Hajiya ta fito da babban mayafi kamar mai zuwa unguwa mai nisa, fuska a ɗaure. Ta ce ita ba sulhu ta zo ba, ta zo ne ta ga abin da aka zubar mata da mutunci a kansa.

Ni na fara ci. Ɗanɗanon shi ne, ba ƙari ba ragi. Na ce, "Ya yi a Daura, Yaya."

Ta kai cokali baki ta daɗe tana juya shi.

"Auta."

"Na'am."

"Wannan ai yakuwa ce."

"Akwai ɗan bambanci, in kika lura da..."

"Yakuwa ce mai girman kai. Ga tawa can a bayanka. Ganyenta a ci, zoɓonta a sha, 'ya'yanta a yi daddawa, kuma ba ta taɓa tambayata ruwan firij ba."

Hajiya kuwa ta cinye nata tas, ta lashe cokali, ta ce, "Ba laifi. Da an sa ganyen da ya fi haka."

Yaya ta miƙe ta ɗauko fartanya. Na ɗauka Hajiya za ta nufa. Ita ma Hajiya haka ta ɗauka, domin na ga ta gyara zama wajen katanga. Amma saiwar ta nufa. Ta tone ta duka, ta jefa a rami ta rufe. Ta kwance dangar, ta tara karan dawar da ta yi ta da shi a gaban Hajiya ta ce ta ɗauka ta hura wuta ta sake wani faten. Hajiya ta ce karan ma jiƙaƙƙe ne, amma ta ɗauka. Sauran irin kuma Yaya ta damƙa mini a hannu, ta ce in na sake zuwa in mayar wa masu shi, in ce an gode.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa duk ganyen da aka taɓa tsinka a bayan ɗakinta ya zame mata inuwa, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Mata sun dawo, kafin ruwan farko ya sauka sunan rowa ya bar ta. Sai dai ba yadda suke a da suka dawo ba. Kowace sai ta tsaya a bakin lambu ta yi sallama, ta jira Yaya ta fito, ta nuna alayyafon da ta sani tun tana yarinya ta ce, "Gwaggo, wannan ana ci?" Wasu da tsokana suke yi, wasu da gaske, Hajiya kuma da duka biyun. Yaya ta yi faɗa, ta yi rantsuwa cewa ba sauran abin da zai cuci kowa, su shiga ko tana barci. Suka yi ta cewa to. Ta ƙara shekaru tana shuka tana rabawa, ba ta sake karɓar iri daga hannuna ba. Har ta rasu, ba wadda ta sake tsinkar ganye a lambun nan ba tare da ta tambaya ba.